Motata mai jan ƙafa huɗu ce, me ya sa ta kafe a taɓon gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Hotoro, ina da gonar shinkafa a wajen Kura. Bara na sayi Hilux ta hannu, mai giyar hannu, don kai taki da kwaso amfani. Daga bakin burji zuwa gonata akwai fili kamar taku ɗari huɗu, da damina sai ya koma taɓo. Makon jiya na shiga da buhu 18 na taki, ta kafe a tsakiya. Na sa ogzilari na taka totur, sai ƙara nutsewa take yi, har sai da aka nemo tarakta. Motar ce ba ta da lafiya, ko ni ne ban iya ba? Yaya ake ratsa irin wannan wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sannu da wahala, Allah ya ba da damina mai albarka.

Kafin ka kai motar gareji a kwance maka giyabos a banza, sake karanta tambayarka. Ka ce sai da ta kafe sannan ka sa ogzilari. To, a nan gizo ke saƙa. Ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja, tun kana kan busasshiyar ƙasa ake sa shi, riga-kafi ne. Wanda ya bari sai tayoyin baya sun haƙa wa kansu rami sannan ya tuna da shi, ya ƙara wa masu haƙan ramin ne mutum biyu. Na yi shekaru ina tuƙa motocin aikin gona kafin na koma gareji, kuma yawancin motocin da na gani a kafe lafiyarsu ƙalau. Direba ne ya shiga inda bai taka da ƙafarsa ba, da ta tsaya kuma ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur.

Mu fara da lissafin da ba ka yi ba. Hilux mai ɗaki biyu tana kusan tan biyu ba kaya. Buhu 18, kowanne kilo 50, kilo 900 ke nan. Ga kai, ga yaranka. Wato kusan tan uku ka ɗora a kan wurare huɗu da kowannensu bai fi tafin hannu da yatsu girma ba, ka tura su cikin ƙasar da ruwan Agusta ya kwana a kanta. Jan ƙafa huɗu raba ƙarfin inji yake yi tsakanin gaba da baya, bai rage ko kilo ɗaya daga wannan nauyin ba.

Kuma ma sunan yana ruɗin mutane. A tsakiyar kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, akwai wannan tukunyar ƙarfen da kake gani idan ka leƙa ƙarƙashi. Aikinta ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. A kwalta abin alheri ne. A taɓo kuwa sai ta zama munafuka, domin tayar da ta fi sauƙin juyawa ita take sakar wa juyi. Shi ya sa za ka ga mota a kafe, ta gaba ɗaya da ta baya ɗaya suna ta feshin laka, sauran biyun da suke kan ƙasa mai ƙarfi suna tsaye kamar ba da su ake ba. Wasu motocin suna da maɓallin kulle aksul na baya, wanda ke tilasta tayoyin baya biyu su juya tare. Idan taka tana da shi, a L4 yake shiga, wato giyar ogzilari mai ƙarfi da ƙarancin gudu, kuma kana tsaye ko kana tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba. Da ka fita daga taɓon ka cire shi, don mota ba ta son shan kwana da shi.

Tunda ta hannu ka saya, akwai abu biyu da nake so ka duba gobe da safe. Dubi tsakiyar tayoyin gaba. Idan akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa, an rubuta FREE da LOCK, to sai ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba ko ka ja sandar ogzilari har ta karye, tayoyin baya kaɗai ke aiki. Idan sabon yayi ce marar wannan murfin, kalli fitilar da ke kan allo: in tana ƙiftawa ba ta tsaya ba, gaban bai shiga ba. Na biyu, kwanta ka leƙa ko farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin gaba, tana nan. Ba wasa nake ba. Sau da dama motar hannu takan zo mana an cire mata farfelar gaba saboda ta taɓa yin ƙara, aka sayar da ita a haka, mai ita yana yawo yana cewa ƙafa huɗu gare shi.

Yanzu ga ainihin aikin, kuma ba a cikin mota ake fara shi ba. Ka tsaya a kan burji, ka naɗe ƙafar wando, ka samo sanda mai ƙwari. Kafin ka tafi, tsayar da sandar a gefen tukunyar aksul na baya ka yi alama daidai inda gindinta yake. A irin motarka bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba daga ƙasa. Wannan alamar ita ce alƙalinka. Sai ka bi hanyar da kake son tayoyinka su bi, kana soka sandar duk bayan 'yan taku. Taɓo iri biyu ne a wurinmu, mai gindi da marar gindi. Mai gindi, sanda za ta shiga kaɗan ta ci karo da ƙasa mai tauri. Wannan santsi ne kawai, ana wuce shi. Marar gindi kuwa, za ka danna sanda ta yi ta tafiya har ta wuce alamar ba ta ce komai ba. Idan irin wannan ya fi tsawon mota ɗaya, kada ka shiga, ko wace irin mota gare ka. Da zarar cikin mota ya zauna a ƙasa, tayoyi sun zama ado.

Mu mutanen Kano abin da ke cutarmu shi ne sabo da jigawa. Wanda gonarsa take wajen Gezawa ko Minjibir, ana ɗauke ruwa rairayi ya tsotse shi, hanya ma ta fi daɗin bi fiye da lokacin rani. Sai ya ɗauka ko'ina haka ne. Kwarin da ake shinkafa a Kura da Kadawa da Garun Malam wani abu ne daban. Wuri ne da ruwan Tiga ke ratsawa da rani, ruwan sama ya karɓe shi da damina, kuma manomi da gangan yake so ƙasar ta riƙe ruwa. Ta kan yi ɓawo a sama bayan rana ɗaya ko biyu, ka gan ta a bushe har da tsagewa, mutum ya taka ta ɗauke shi, mota ta hau ta fasa ɓawon ta faɗa cikin kunun da ke ƙasa. Ni na fi tsoron wannan busasshen saman a kan ruwan da nake gani kwance.

Ƙasa tana magana idan ka duba. Inda kachala ta fito, ruwa ba ya barin wurin, ka kauce. Dubi sawun shanu: in kofato ya nutse har ya bar rami mai ruwa, nauyin motarka ya ninka na saniya sau da yawa. Sawun tarakta kuma tarko ne. Tayarta ta fi taka tsayi nesa ba kusa ba, ramin da ta bari zai haɗiye tayoyinka, tudun da ke tsakiya ya tokare cikin motar. In sawun bai yi zurfi ba, bin sa ya fi, don an riga an danne ƙasan. In ya yi zurfi, ka hau gefe, ka bar ramin ɗaya a tsakanin tayoyinka. Sannan ka tambayi yaran da ke aiki a wurin. Su suka san inda tsohuwar rijiyar fadama take, da inda aka ɗebi ƙasar bulo ciyawa ta rufe. Ka kakkafa kara a hanyar da ka zaɓa, domin daga kan kujerar direba duk filin kama ɗaya yake yi.

Sai iska. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace arha, kuma ita aka fi ƙin yi. Mai faci ya saba cika maka talatin da biyar ko arba'in, wanda ya dace da titin Zariya. A taɓo, taya mai tauri yanka ƙasa take yi kamar wuƙa. Ka rage zuwa 20 ko 22 idan ba kaya, sai tafin tayar ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, kuma robar tana lanƙwasa tana tofar da lakar da ta cika haƙoranta. Da kaya masu nauyi kada na baya su sauka ƙasa da 25. Ƙasa da 15 kuwa, kwana ɗaya mai ƙarfi zai iya zame tayar daga jikin rim, ka shiga sabuwar matsala. Amma kada ka rage iska in ba ka da yadda za ka mayar. Sayi geji da ɗan famfon da ake haɗawa da batirin mota, masu kayan mota a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari suna da su. Hawa kwalta da gudu a kan taya mai iska 20 da kaya a baya, zafi take ɗauka har ta fashe.

Duba gefen tayoyin ma. In ka ga H/T, ta kwalta ce, juyi biyu laka za ta cike haƙoranta ta koma sumul kamar bayan ƙwarya. A/T ita ce daidai da mai zama a birni yana zuwa gona. M/T ta fi a laka, sai dai ƙara a titi da shan mai, ban ga dalilin sayenta saboda taku ɗari huɗu ba.

Giya kuma, ga yadda take. H2 baya kaɗai, H4 gaba da baya da gudun da ka sani, L4 gaba da baya amma an rage gudun kusan sau biyu da rabi aka mayar da shi ƙarfi. L4 ɗin shi ne ogzilari na gaskiya, kuma sai ka tsaya cak, ka taka kuloci, sannan ya shiga. Ga fili irin naka, L4 giya ta biyu nake zaɓa, in taɓon mai gindi ne ta uku. Kada ka yi amfani da ta ɗaya. Ƙarfinta ya yi yawa, ɗan taɓa totur kaɗan tayoyi sun tsinke da juyi sun fara haƙa, ina kyautata zaton ita ka sa ranar nan. Ka zaɓi giyar tun a waje, ka shiga da ita, ka fita da ita. Taka kuloci a tsakiyar laka daidai yake da taka birki, motar za ta tsaya kafin hannunka ya kai sabuwar giya. Ka sauke ƙafar hagu gaba ɗaya daga kan kuloci ka ajiye ta a ƙasa. Masu otomatik su kulle ta a 2, kada su bar ta a D tana canje-canje. Idan akwai maɓallin da ke da hoton mota da sawu a karkace, a kashe shi kafin shiga, domin yana yanke ƙarfin inji daidai lokacin da ake bukatar tayoyi su ɗan juya su share kansu. Masu RAV4 da CR-V da Highlander kuma, don na san za su karanta: motocinku ba su da ogzilari, kuma cikinsu a ƙasa yake. Sun isa hanyar unguwa da ta caɓe, ba su isa fadama ba.

Gudun shiga kamar na mutum mai sassarfa. In ka yi ƙasa da haka ba ka da abin da zai tura ka ta wurin da ya fi laushi, in ka shigo a guje kuma ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba, ga laka da za ta toshe lagireto. Totur ɗaya, a daidai, injin gas yana juyi wajen 2,000 a minti. Tayoyin gaba su miƙe. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin a cikin sawu mota takan ci gaba da miƙewa alhali sitiyari a murɗe yake, tayoyin suna tura laka kamar garma, ranar da suka sami riƙo kuma sai ta fizge ta yi gefe. Ka leƙa ta taga ka tabbatar. Manyan yatsunka su kasance a bayan sitiyari, kada ka zura su ciki, don in taya ta daki kututture yakan juyo da ƙarfin da zai targaɗa yatsa. In ka ji tana rage gudu, ka riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama kaɗan-kaɗan da sauri, gefen haƙoran taya yakan sami sabon wurin cizo. Kunya ko ƙaramin magudani, ka ɗan karkace ka hau, taya ɗaya bayan ɗaya, ba tare da tsayawa ba. Gefen kanal kuwa kada ka bi shi a kwance. Mota takan zame gefe a laka, kuma babu giyar da ke hana wannan.

Ga wurin da aka rabu tsakanin wanda zai fita da shebur da wanda zai nemo tarakta. Da ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta motsi, ɗaga ƙafarka nan take. Ni ma da tsada na koya. A farkon tuƙina na kafe da wata tsohuwar Land Cruiser da la'asar sakaliya, ina ganin busasshiyar ƙasa bai fi taku goma a gabana ba. Na yi ta ba ta wuta ina wasa da kuloci, har wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika motar. Da na sauko, ƙofa da ƙyar ta buɗu don laka ta kai bakinta. A nan muka kwana da sauro, washegari aka ja mu, kuloci ya tafi. Da na tsaya tun juyin farko, ribas kaɗai ya ishe ni.

Don haka abu na farko ribas, a hankali, a kan sawunka, tunda shi ne ƙasar da ka riga ka danne. In ta ɗan motsa ta tsaya, ka yi ta lilo gaba da baya da sauƙin ƙafa. In ta ƙi, kashe ta, a sauke kaya duka. Na san babu mai son sauke buhu 18 a cikin laka, amma rage kilo 900 ya fi ƙarti goma masu turi. A kwashe lakar da ke gaban tayoyi da wadda ta tokare aksul, a yi wa kowace taya gangara. A sa jak a kan faffaɗan katako, a ɗaga taya, a cusa abin da aka samu: rassa, tsohon karan danga, duwatsu, buhun da aka cika da rairayi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi ko ya zura hannu mota tana kan jak, a laka jak ba shi da amana. Masu turi su tsaya ta gefe, domin taya takan harbo katako ko dutse ta baya.

In ta kai ga ja, a nan ne ake rasa rai, ba a kafewar ba. Wannan dunƙulen ƙarfen da ke bayan wasu motoci na jan tirela, kada a kuskura a rataya igiya a kansa. In aka fizga yakan tsinke ya taho kamar harsashi. Haka bamba, haka 'yan ƙananan kunnuwan da aka yi don ɗaure mota a jirgin ruwa. A nemi ƙugiyar da ke ɗaure da shasi da manyan kusoshi. Sarƙa da waya ba sa miƙewa, saboda haka ba a fizga da su: mai tarakta ya ja a hankali har ta yi tauri, sannan ya ci gaba da giyarsa mafi sanyi, a miƙe, kai kuma kana ciki tayoyinka suna juyawa kaɗan. Na taɓa ganin ƙugiyar sarƙa ta ɓalle ta fasa gilashin gaba ta wuce ta gefen kunnen direba. A jiƙa buhu ko bargo a yafa a tsakiyar igiyar don ya danne ta in ta tsinke, a kori yara da 'yan kallo nesa fiye da tsawon igiyar. Kuma a yi haƙan tukuna, don laka tana tsotse cikin mota, tarakta kuma ba ta san ciwon shasinka ba.

Amma Alhaji, in shawarata za ka bi, daga yanzu har ruwa ya ja baya a ƙarshen Satumba, kada ka sake shiga filin nan da kaya. Ka tsaya a burji, amalanken shanu ya kwashe takin, ko yara su ɗauka. Abin da za ka biya bai kai kuɗin tarakta ba, balle na kuloci. Raba kayan kashi uku ma ba mafita ba ce sosai, don kowane wucewa ƙara dama wurin yake yi, na uku ya fi na farko haɗari. Sannan filin nan na wani ne. Sawun mota mai tan uku yana danne ƙasa, ruwa ya kwanta a ciki, shuka ta ƙi, kuma na ga maƙwabtan gona sun kai gaban mai unguwa a kan abin da bai kai wannan ba. Ka nemi izininsa, ka bi gefen iyaka. In rani ya yi, ku haɗa kuɗi da sauran masu bin hanyar a zuba tifa kaɗan ta burji a wuraren da sandarka ta nuna marasa gindi.

Duk ranar da ka fito daga taɓo, kafin ka hau kwalta ka mayar da ita H2. Hilux ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka yi tafiya a H4 a busasshen titi farfela da giyabos ne ke murɗewa. In sandar ta ƙi fita, yi ribas 'yan taku a miƙe za ta saki. Taka birki a hankali sau da yawa ya bushe. A wurin wanki ka tsaya a kansu su wanke ƙarƙashi da cikin rim da lagireto, ba saman bodi kaɗai ba. Lakar da ta bushe a cikin rim ita ke sa sitiyari rawa a kan hanyar dawowa Kano, mutum ya ɗauka wani abu ya karye.

Ita kuma wannan da ta riga ta sha wuya makon jiya, ka ce wa makanikenka ya buɗe man aksul na gaba da na baya da na ogzilari. In ya ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. Ya duba robobin da ke rufe gaɓoɓin aksul na gaba ko sun yage, ya buɗe birkin baya ya kwashe laka, ya sa wa farfela giris. Kai kuma ka gwada kuloci a giya ta huɗu kana tafiya a hankali: taka totur sosai, in ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, ya fara zamewa. Daga nan ka riƙa sa ta a H4 kana ɗan tafiya a hanyar ƙasa ko ba ka bukata. Littafin motar cewa ya yi kamar kilomita 16 a wata, don mai ya zagaya kayan gaba, kada ranar da kake nemansu ka tarar sun ƙage.